Iya Iyo: Gado Ne Ko Koyo?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau, wata gardama ce da ta tashi a ajina kwanan baya. Muna darasin kiwon lafiya, na yi maganar iyo, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai mu ba mu gaji ruwa ba. Iyo na Sarkawa ne da Turawa." Wata kuma ta kama mata, wai ta ji an ce ƙashin baƙin mutum nauyi gare shi, shi ya sa yake nutsewa. Aji ya kaure da surutu. Na lura yawancinsu sun yarda da maganar, kuma na san ba a makaranta suka ji ta ba, daga gida suka zo da ita. To shi ya sa na ce bari in kawo ta nan, inda uwa da 'ya za su karanta tare.

Da farko dai kada mu yi musun gado, akwai shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A cikin jikin kowannenmu akwai waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, masana na kiransu ƙwayoyin gado, rabi daga uwa rabi daga uba. Su ne ke sa a ce yarinya ta ɗauko hancin kakarta ko tsawon babanta. Tsawo ma kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane daga gado yake, in dai an sami abinci isasshe. Shi kuwa mai gasar iyo, tsawo jari ne a wurinsa, don dogon jiki ya fi ratsa ruwa, kamar yadda dogon kwalekwale ya fi gajere gudu.

Dubi Michael Phelps, mutumin Amurka, wanda ya ci lambobi 28 a wasannin Olamfik, 23 daga ciki na zinariya. Babu wanda ya taɓa tara haka. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4. Ke da ni, in muka buɗe hannuwa, daga yatsa zuwa yatsa kusan daidai yake da tsawonmu. Shi nasa ƙafa 6 da inci 7 ne, wato ya zarce da inci 3. Gangar jikinsa doguwa, ƙafafunsa gajeru in an gwada da tsawonsa, tafin ƙafar kuma faffaɗa, yana lanƙwasuwa kamar na agwagwa. Wannan babu malamin da zai koya wa yaro. Haka aka haife shi.

Amma ga abin da masu ba da labarinsa kan tsallake. Lokacin da aka fara kai shi ruwa yana ɗan shekara 7, tsoron sa fuska cikin ruwa yake yi, sai da aka fara koya masa a rigingine. Yayyensa mata biyu 'yan iyo ne, uwarsa kuwa malamar makaranta ce, ita ke ɗawainiyar kai su da ɗauko su. Tun yana ɗan shekara 11 yake hannun mai horarwa guda, Bob Bowman, kuma shi da bakinsa ya ce ya yi wajen shekara biyar bai yi fashin rana ɗaya ba. To 'yar'uwa, a gidan da yaya ke iyo, ƙane ke iyo, uwa ke kai su, ina gado ya tsaya, ina tarbiyya ta fara? Haka 'ya'yan Sarkawa suke. Yaron da ya buɗe ido ya ga ubansa cikin kogi, ya ga wansa cikin kogi, kafin ya yi wayo ya riga ya iya. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda ake tseren iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa. Mu da muka tashi nesa da gulbi sai mu ce a jininsu yake, alhali tun suna tatata suke cikinsa.

Masana sun so su raba wannan gardama. A Amurka da Kanada aka yi wani babban bincike ƙarƙashin wani malami, Claude Bouchard, aka buga sakamakonsa a 1999. An ɗauki mutum 481 daga gidaje 98, iyaye da 'ya'yansu manya, duk waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Aka sa su tuƙa keken motsa jiki har mako 20, kowa horo iri ɗaya. Da aka auna yadda jikinsu ke amfani da iska, sai aka ga waɗansu sun ƙaru ƙwarai, waɗansu kuwa da ƙyar suka gusa. Abin mamaki, masu ƙaruwar a gida-gida suke. Aka ƙiyasta kusan rabin wannan bambanci daga gado ne. Ashe har yadda jiki ke karɓar horo, akwai hannun iyaye a ciki. Ni wannan bai ba ni mamaki can ba, don kowace malama ta san a aji ɗaya, darasi ɗaya, wata sau ɗaya za a faɗa mata, wata sai an maimaita. Amma ban taɓa ganin wadda aka bar ta a gida ta iya karatu don kakanta malami ne ba.

Akwai kuma wata ƙwayar gado da ta yi suna, ana ce mata ACTN3. Ita ke sa jiki ya ƙera wani sinadari a cikin tsokar da ke aikin zabura da sauri. A 2003 masana a Ostareliya suka gano cewa zakarun gajeren tsere kusan dukkansu suna da shi. A duniya kuwa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ba shi da wannan sinadari sam, kuma lafiyarsa lau. Nan da nan 'yan kasuwa suka ga hanyar kuɗi, suka fara sayar wa iyaye gwaji: a shafo yawun yaro a aika, a faɗa miki ko zai zama zakara. A 2015 manyan masanan wannan fanni suka haɗu suka fitar da sanarwa cewa irin wannan gwaji ba shi da wani amfani wajen zaɓen yaran da za su yi fice. Dalili kuwa a fili yake. A nan Afirka ta Yamma da wuya ki sami wanda ba shi da sinadarin, amma ba dukkanmu muke cin tsere ba. Tsawo kaɗai, wani bincike na 2022 ya ƙirga wurare fiye da 12,000 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu a cikinsa. Balle iyo, da ya haɗa huhu da zuciya da kafaɗa da natsuwa da jure wahala.

Yanzu ga labarin da ya fi taɓa ni, don na 'yan mata ne sa'o'in waɗanda nake koyarwa. A wasannin Olamfik na 1972, matan Jamus ta Gabas ba su ci zinariya ko ɗaya a iyo ba. Bayan shekara huɗu kacal, a Montreal a 1976, cikin gasa 13 ta mata suka kwashe 11. Kornelia Ender, 'yar shekara 17, ita kaɗai ta ci huɗu. Duniya ta yi ta al'ajabi, ana cewa ai ƙirarsu ce, ai sun iya zaɓen yara. Wata 'yar Amurka, Shirley Babashoff, ta yi ƙorafin faɗin kafaɗunsu da kaurin muryarsu, aka ce baƙin cikin kaye ne ke damunta. Sai bayan da katangar Berlin ta faɗi a 1989 takardu suka fito. Ashe gwamnati ce da kanta take ba yaran magungunan ƙara ƙarfi masu aiki irin na sinadarin maza, ana ce musu bitamin ne. Da yawansu ba su ma kai shekara 16 ba, iyayensu kuma ba su sani ba. Daga baya waɗansu suka yi fama da ciwon hanta da matsalolin haihuwa. A shekara ta 2000 kotu a Berlin ta sami shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi, amma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka kawai aka yi masa. Duk lokacin da na ji an ce wata al'umma "haka Allah ya yi su," sai in tuna da waɗannan yara.

A wannan gasa ta 1976 ɗin, a tseren mita 100, wadda ta zo ta uku bayan Jamusawa biyu baƙar mace ce, Enith Brigitha, 'yar ƙasar Holan, haifaffiyar tsibirin Curaçao. Ki cire magani daga lissafi, ki faɗa mini wa ya ci. A 1988 kuma Anthony Nesty, baƙin mutum daga ƙaramar ƙasar Suriname, ya doke gwanin Amurka Matt Biondi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A shekarar nan dai wata 'yar firit, Janet Evans, mai shekara 17, wadda ba ta wuce ƙafa 5 da inci 6 ba, ta ci zinariya uku a gaban ƙartin matan Jamus ta Gabas. Ina maganar nauyin ƙashi, ina ta tsawo?

Dalilin da ya sa baƙaƙen Amurka suka daɗe ba su yi fice a iyo ba, tarihi ya faɗe shi. Shekara da shekaru an hana su shiga wuraren iyo na gari, saboda wariyar launin fata. Uwar da ba ta iya ba tana tsoron ruwa, ta hana 'yarta, 'yar ta hana jika. Tsoron ne ake gada, kuma wannan gadon mu ma muna da shi.

Uwargida, ba lambar zinariya nake nema wa 'yarki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021 kaɗai, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Kowace damina muna jin kwalekwale ya kife da mutane a hanyar kasuwa ko gona ko biki, kuma in aka zo lissafin gawa, mata da yara ne a gaba. Namiji ko bai ƙware ba, ya taɓa faɗawa rafi yana yaro. Ke fa? Ba kuma cewa nake ki saki yara su tafi kududdufin bayan gari ba, can tsargiya ke jiransu, ga laka, ga rami. Inda akwai ruwa mai tsabta marar zurfi, da babbar mace da ta iya, kuma wurin a killace yake, to 'ya mace za ta iya koyo da suturarta, ba tare da wani abin kunya ba. Abin da ake fara koya ma shi ne kwanciya a rigingine bisa ruwa ba tare da firgita ba.

Da na koma aji washegari, na kai musu hoton Simone Manuel. A Rio a 2016 ta zama baƙar mace ta farko daga Amurka da ta ci zinariya ita kaɗai a iyo, mita 100 cikin daƙiƙa 52.70, kunnen doki da wata 'yar Kanada. Yarinyar nan mai maganar Sarkawa ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Malama, to ita a wurin wa ta gada?" Na ce mata iyayenta dai ba 'yan iyo ba ne. Tana 'yar shekara 4 suka sa ta koyo, don kawai kada wata rana ruwa ya ci ta.