Yadda Ake Bambance Jabun Furen Rana Da Na Gaskiya

Tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin man furen rana, wato sanfulawa, 'yan kasuwa da dama suka mayar da hankali ga nomansa. Sai dai ba kowane fure mai ruwan ɗorawa ba ne yake ba da mai, kuma wanda ya sayi iri bisa dogaro da hoton da ke jikin leda yana iya yin asarar damina guda.

Ɗaya daga cikin masu kama da shi shi ne tsiron da masana kimiyyar tsirrai suke kira Heliopsis helianthoides, wanda Turawa suka laƙaba wa suna jabun furen rana. Asalinsa daga gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne, kuma danginsu ɗaya da sanfulawa. Furen ado ne kurum. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, ba a tatsar mai daga gare ta, alhali irin sanfulawa da ake nomawa domin mai yana ɗauke da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari.

Hanya mafi inganci ta gane shi tana ga kan furen. A sanfulawa na gaskiya, ganyayen nan masu ruwan ɗorawa da ke kewaye da kai ba sa haihuwa, sukan yanƙwane su zube. A jabun kuwa, kowannensu yana da ɗan zare mai reshe biyu a gindinsa, yana yin ƙwaya, kuma yakan bushe a maƙale da kan. Tsakiyar kan tana da ɗan tudu, faɗinsa duka bai kai tafin hannu ba. Ganyayen jikinsa suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, gefensu kamar haƙoran zarto, tsayinsa kuwa mita 1 ne zuwa 1 da rabi. Bugu da ƙari, sanfulawan mai yakan mutu bayan girbi, shi kuwa wannan yakan bushe da hunturu ya sake tohowa daga saiwarsa kowace shekara.

Kada kuma a haɗa shi da dogon ciyayin nan mai suna Tithonia da ya cika gefen hanyoyi a kudu maso yammacin Nijeriya. Wancan daga Meziko yake, ganyensa a tsattsage, kuma yana wuce mita 2.

Ga mai gandun renon furanni, ribar tana ga daɗewar furensa. A ƙasarsa yakan yi fure tun daga watan Yuni har zuwa Satumba, musamman idan ana tsinke waɗanda suka tsufa, kuma ana yankarsa domin ƙawata ɗakuna. Yana son rana sosai da ƙasar da ba ta riƙe ruwa, yana kuma jure ɗan fari idan ya kafu. Taki mai yawa illa ne a gare shi, domin yakan sa karan ya yi tsawo ya kwanta. Ana raba tushensa bayan shekara 2 ko 3, kowane yanki ya zama sabon dashe na sayarwa. Abokan gabansa su ne jar darɓa da farar fumfuna da ke kama ganye idan dashen ya yi cunkoso.

Abin lura shi ne, tsiro ne da ya saba da hutun sanyi, har wasu masu sayar da iri a Amurka sukan ba da shawarar a ajiye ƙwayar cikin danshi a firiji na kwana 30 kafin shuka. Saboda haka, mai niyyar sa jari, ko da a wuri mai sanyi yake kamar tsaunukan Jos, ya kamata ya fara gwada tushe kaɗan, ya kuma nemi dillali ya rubuta masa sunan kimiyya na irin a takardar ciniki. Sunan na mai shi ne Helianthus annuus.