Tsofaffin katunan hoto sun zama shaida kan narkewar ƙanƙarar tsaunukan Alps

Katunan hoto da masu yawon buɗe ido suka riƙa saye a ƙasar Suwizalan fiye da shekaru 100 da suka wuce, domin aika gaisuwa gida, yanzu suna cikin shaidun da ake kafawa wajen nuna yadda ɗumamar yanayi ke cinye ƙanƙarar tsaunukan Alps.

Katin gidan waya, wato kati da ake rubutu a kai, a liƙa masa kan sarki, a aika ba tare da ambulan ba, ya fara aiki ne a daular Austriya da Hungary ranar 1 ga watan Oktoban 1869. A lokacin babu hoto a jikinsa.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 an fara buga hotuna a kan katunan, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da jiragen ƙasa suka sauƙaƙa wa attajiran Ingila da Jamus da Faransa zuwa tsaunukan domin shan iska. Duk wanda ya je yana son mutanen gida su ga inda ya taka.

Launin da ba na kyamara ba

Shahararrun hotunan wancan zamani su ne waɗanda ake kira Photochrom. Wani ma'aikacin kamfanin ɗab'i na Orell Füssli da ke birnin Zurich, mai suna Hans Jakob Schmid, shi ne ya ƙirƙiro dabarar a shekarun 1880.

Kyamarar lokacin baƙi da fari kawai take ɗauka. Don haka sai a mayar da hoton kan faffaɗan duwatsun ɗab'i, kowane launi da nasa dutsen, wani lokacin fiye da goma, a riƙa buga su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda har hoton ya fito da launi.

Ma'anar haka ita ce, shuɗin samaniya da koren ciyawar da ake gani a katunan zaɓin ma'aikatan ɗab'i ne, waɗanda ba lalle ne sun taɓa zuwa wurin ba. Amma siffar dutse, da tsarin gine-gine, da iyakar inda ƙanƙara ta tsaya, waɗannan daga kyamara suka fito. A nan ne darajar katunan take a yau.

Kogin ƙanƙara na Rhône

Misalin da aka fi ambata shi ne kogin ƙanƙara na Rhône, wato dusar ƙanƙara da ta taru shekaru aru-aru, ta daskare, tana gangarowa daga kan tsauni sannu a hankali. Daga nan ne kogin Rhône ya samo asali, ya ratsa tafkin Geneva da ƙasar Faransa kafin ya faɗa tekun Bahar Rum.

A tsakiyar ƙarni na 19 ƙanƙarar tana saukowa har cikin kwarin Gletsch, kusa da masaukin baƙi. Katunan da aka buga wajajen 1900 suna nuna ta kamar wani farin bango da ya zubo daga sama. Wanda ya tsaya a wannan wuri a yau tsurar dutse zai gani, domin ƙanƙarar ta ja da baya zuwa can saman gangaren, kuma wani sabon tafki ya taru a bakinta.

Otal ɗin Belvédère, wanda aka gina a 1882 a wata kwana ta hanyar Furka domin baƙi su kalli ƙanƙarar daga ɗakunansu, ya daɗe a rufe. Mutane na tsayawa ɗaukar hotonsa har yanzu, sai dai abin da aka gina shi dominsa ya yi nisa.

Yadda ake auna asarar

Hanyar da ake bi mai sauƙi ce: a nemo daidai wurin da mai hoton farko ya kafa kyamararsa, a sake ɗauka, a jera biyun. To amma kati ba ma'auni ba ne. Sau da yawa ba a rubuta shekarar da aka ɗauki hoton, kuma akan ci gaba da sayar da hoto guda tsawon shekaru, ta yadda hatimin gidan waya ba ya nuna ainihin lokacinsa.

Saboda haka masana sun fi dogara da hotunan ma'aikatan safiyo. A 2022 masu bincike na jami'ar ETH Zurich da cibiyar WSL sun yi nazarin hotuna kimanin 21,700 da aka ɗauka tsakanin 1916 da 1947, inda suka gano cewa kogunan ƙanƙarar ƙasar sun rasa rabin girmansu daga 1931 zuwa 2016. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai, kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage ya narke.

Lamarin ya wuce batun kyan gani, domin fiye da rabin wutar lantarkin da Suwizalan ke samarwa daga ƙarfin ruwa take fitowa, kuma narkakkiyar ƙanƙarar ce ke taimaka wa koguna irin su Rhône da Rhine a lokacin zafi.

Su ma gine-ginen da ke cikin katunan ba su tsira ba. A ranar 28 ga watan Mayun 2025 kogin ƙanƙara na Birch ya rufto tare da duwatsu da laka, ya binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen Blatten da ke kwarin Lötschental, wanda aka sani da tsofaffin gidajen katako.

An riga an kwashe mazauna ƙauyen su kimanin 300 kwanaki kafin ruftawar, amma mutum ɗaya ya rasa ransa. Yawancin gidajen yanzu a hotuna kawai ake iya ganinsu.