Darussan Gama-Gari a Kwalejojin Kirista na Amurka

A Amurka, ɗalibin da ke neman digirin farko yakan yi shekara huɗu yana karatu. Kafin ya gama, sai ya tara maki kimanin 120, kuma yawancin kwasa-kwasai maki uku-uku suke da shi. Amma ba duka makin yake samu daga fannin da ya zaɓa ba. Akwai wasu darussa da aka wajabta wa kowane ɗalibi, ko likita yake so ya zama ko lauya. Su ake kira darussan gama-gari. Sun haɗa da rubutu da adabi da tarihi da lissafi da kimiyya da falsafa.

Wannan tsari ya samo asali ne daga makarantun Turai na zamanin da, inda ake koyar da fannoni bakwai, ciki har da nahawu da mantiƙi da lissafi da kiɗa da ilimin taurari.

Kwalejojin Kirista suna bin wannan tsari, sai dai sukan ƙara darussan addini. Misali, a Kwalejin Wheaton da ke Jihar Illinois, wadda aka kafa a 1860, ɗalibai suna nazarin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari da tauhidin Kirista, komai fanninsu. Shahararren mai wa'azin nan Billy Graham a can ya gama karatu a 1943, kuma digirinsa a nazarin ɗan Adam da al'adunsa ne.

Me ya sa ake yin haka? Malaman waɗannan kwalejoji suna ganin cewa ilimi duka daga Allah yake, don haka bai kamata a raba kimiyya da bangaskiya ba. Suna kuma son likitan da suka yaye ya san haɗa magani, ya kuma san darajar mara lafiya.

Sai dai wasu ɗalibai sukan yi ƙorafi. Karatu a Amurka yana da tsada, kuma kowane kwas kuɗi ne da lokaci. Amsar da kwalejojin ke bayarwa ita ce, mutum yana iya canza sana'a a rayuwarsa, amma iya tunani da iya rubutu da kyawun hali suna tare da shi har tsufa.

Jami'o'in Nijeriya ma suna da irin waɗannan darussa, waɗanda ake kira GST. Duk ɗalibin da ke shirin shiga jami'a zai gamu da su.