Sabon Inji, Tsohon Maleji: Yadda Allurar Mota Ke Fara Ƙarya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan gaba na mota ya san yadda ido ke tafiya kan maleji da zarar direba ya fara taka totur. Allura ta hau 80, ta haura 100, fasinjojin baya su fara salati. Mun saba ɗaukar abin da allurar nan ta nuna tamkar yankan wuƙa. Amma fa maleji bai taɓa ganin kwalta ba. Juyi kawai yake ƙirgawa, kuma akwai aikin da idan bakanike ya yi wa mota, daga ranar allura za ta iya fara faɗin abin da ba haka yake ba, alhali babu abin da ya lalace. Wannan aiki shi ne sauya inji.

Domin mu ga yadda abin yake, bari mu leƙa Ingila, wajen wata 'yar ƙaramar mota da yawancinku kuka sani ko da ba ku riƙe sunanta ba: motar da Mr Bean ke tuƙawa a wasanninsa na barkwanci. Sunanta Mini. Ta fito a watan Agustan 1959, bayan rikicin mashigin Suwez na 1956 ya jawo ƙarancin man fetur a Birtaniya, mutane suka koma neman motar da ba ta shan mai. Injiniya Alec Issigonis ne ya zana ta. Tsawonta bai fi mita uku da 'yan kai ba, tayoyinta inci 10, injinta 848cc mai ƙarfin doki 34. An ci gaba da ƙera ta har shekarar 2000, aka sayar da fiye da miliyan biyar. Har yanzu akwai masu riƙe da tsofaffin, suna lallaɓa su kamar ƙwai, kuma babban burin da yawa daga cikinsu shi ne su cire ƙaramin injin su saka mai 1275cc, dangin wanda ke cikin Mini Cooper S, samfurin da ya lashe gasar tseren Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967.

To ina matsalar? Don ya samu fili a cikin motar, Issigonis ya ajiye injin a gicciye, ya cusa giyabos a ƙarƙashinsa, su biyun suna amfani da baƙin mai ɗaya. Saboda haka wanda ya sayo injin Mini na hannu, galibi da giyabos ɗinsa yake zuwa a manne. Mai mota yana ganin inji kaɗai ya sauya, ashe ya sauya har da haƙoran da ke raba juyi tsakanin inji da taya.

Masu keke sun san wannan ba tare da an koya musu ba. Idan faifan da ke jikin feda yana da haƙora 44, na tayar baya kuma 22, duk zagaye ɗaya na feda taya za ta yi biyu. Ka mayar da kaca kan ƙaramin faifai a baya, tafiya ta ƙara nisa amma ƙafa ta ji nauyi, musamman a hawa. Mota ma haka take, sai dai a juye: inji ne ke juyawa da sauri, haƙora su rage saurin kafin ya kai ga taya. Haƙoran ƙarshe kafin taya su ne suka fi muhimmanci a labarin nan. A Mini ta farko, ƙaramin faifai mai haƙora 17 ne ke juya babba mai 64. Ku raba 64 gida 17, za ku samu 3.765. Ma'ana, a giya ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe a wannan mota, sai inji ya juya kusan sau uku da kwata uku kafin taya ta kammala zagaye ɗaya. Abin da malamin lissafi ke kira reshiyo ke nan, wanda wasunmu suka riƙa hamma a kansa a ƙaramar sakandare.

Cooper S mai 1275cc ta zo da haƙora 18 da 62, wato 3.44. Wasu Mini da aka ƙera daga baya sun zo da 19 da 59, wato 3.105. A ido bambancin haƙora kaɗan ne. Ku ɗauko biro mu ga abin da yake haifarwa.

A gefen tayar Mini za a ga an rubuta 145/80 R10. Faɗin tayar milimita 145 ne, tudun robar kashi 80 cikin 100 na wannan faɗi, wato milimita 116, wilin kuma inci 10, wato milimita 254. Tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya zama 254 a tara da 116 sau biyu, milimita 486 ke nan. A ninka da 22 bisa 7, kewayenta ya kama kusan mita 1.53. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 1,667 a minti ɗaya, don haka tayar na zagayawa kusan sau 1,090 a minti. Da haƙoran 3.765, inji na juyi kusan 4,100 a minti. Da na 3.44, kusan 3,750. Da na 3.105 kuwa, bai kai 3,400 ba. Mota ɗaya, gudu ɗaya, amma a lissafin farko inji na ihu, a na ƙarshe yana tafiya cikin natsuwa, yana shan mai kaɗan, kuma zai fi daɗewa.

Kada wannan ya sa a ce a zaɓi 3.105 kawai a huta. Ku tuna mai keke a bakin hawa. Ƙaramin inji da aka haɗa da irin waɗannan haƙora zai riƙa tashi da ƙyar a danja, kulochi ya sha wahala, a tudu kuma sai an yi ta sauko da giya. Babban inji da aka bari da 3.765 zai fizgi mota kamar doki a farkon sukuwa, amma a doguwar hanya ƙararsa za ta hana hira, mai ya tafi a banza. A ganinmu, kafin mutum ya tambayi ƙarfin injin da zai saya, ya kamata ya fara tambayar kansa inda motar za ta fi yin aiki: cikin gari ko babbar hanya.

Yanzu mu dawo kan maleji. A tsofaffin motoci wata waya ce mai lanƙwasa ke juyawa cikin bututu, daga giyabos zuwa bayan agogon. A can tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofi na alminiyam da ba su taɓa juna. Gwargwadon saurin maganaɗisun, gwargwadon yadda yake jan kofin, wani siririn sifirin kuma yana riƙe da shi kada ya zarce. Allura a jikin kofin take. Wani Bajamushe, Otto Schulze, shi ya yi rajistar wannan fasaha tun 1902. Abin lura a Mini shi ne, wayar tana karɓar juyinta ne kafin haƙoran ƙarshe. Ba ta da labarin abin da ke faruwa daga nan zuwa taya. Masu ƙera agogon sun riga sun ƙaddara cewa juyi kaza na waya daidai yake da tafiya kaza, suka zana lambobi a kan haka.

Ga abin da zai faru idan agogon da aka tsara wa 3.765 ya tsinci kansa da 3.105, kuma 'yan haƙoran da ke juya wayar ba su canza ba. A raba 3.105 da 3.765, a samu 0.825. Motar da ke kilomita 100 na gaskiya, allura za ta nuna 82 ko 83. Idan direba ya ƙara wuta har allura ta zauna a kan 100, to yana gudun kilomita 121 ne. A cikin gari, inda dokar hanya a nan Nijeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50, allura na kan 50 mota na kan 60 da ɗoriya. Wani zai ce ai goma ce kawai. A darasin fiziks mun koyi cewa nisan da birki ke buƙata yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa: ƙarin kashi 21 cikin 100 a gudu yana nufin ƙarin kusan kashi 47 cikin 100 a nisan tsayawa. A ƙofar makaranta lokacin tashi, wannan tazara ita ce tsakanin tsayawa a gaban yaro da wuce inda yake tsaye. Direban kuma zai rantse bai yi gudu ba, domin abin da ya gani ke nan.

Lambobin da ke ƙirga nisan tafiya ma daga wannan waya suke ci. Mai motar da ke juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 bisa agogonsa, zai riƙa yi ne bayan fiye da 6,000.

Abin bai tsaya nan ba. Mini ta farko birkin ganga take da shi gaba da baya, wanda ya ishi ƙarfin doki 34. Wanda ya ninka ƙarfin inji dole ya nemi birkin faifai. Wanda kamfanin ya riƙa saka wa dukkan Mini daga 1984, mai inci 8.4, ba ya shiga cikin wili mai inci 10, sai an koma inci 12. Tayar 145/70 R12 kuwa kewayenta ya kai kusan mita 1.6, ya ɗara na farko da kashi huɗu da rabi cikin 100. Ƙarya ta ƙaru a kan ƙarya: allura za ta sake yin ƙasa.

Akwai tsohuwar motar da ta tsira daga rabin wannan rigima, kuma iyayenmu sun san ta sosai: Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Injinta a baya yake, wayar malejinta kuma daga tayar gaba ta hagu take karɓar juyi kai tsaye. A cire injin 1200 a saka 1600, a sauya giyabos ma in an so, allura ba za ta sani ba. Amma ranar da aka saka mata tayar gaba mai wani girma dabam, ita ma ta shiga sahu. Wannan na ƙarshe ya shafi kusan kowace mota da babur da ke kan titunanmu, har da na zamani masu agogon lantarki, domin su ma juyi suke ƙirgawa. Samarin da ke cire wilin kamfani su saka manya don gayu, su sani har da malejinsu suka taɓa.

Gano gaskiya ba shi da tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce wayar hannu mai GPS: direba ya riƙe gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, na kusa da shi ya kwatanta abin da waya ta nuna da na allura. Na kusa da shi muka ce, ba direban ba. Tsohuwar hanyar kuwa ta fi daɗi ga mai son lissafi. A fuskar agogon Smiths da ke cikin tsofaffin Mini akwai wata 'yar lamba da aka buga da ƙananan haruffa, wadda ke faɗin sau nawa ya kamata waya ta juya a mil ɗaya. Sai a kwance wayar daga bayan agogo, a maƙala mata ɗan kwali a baki don a ga juyinta, a auna mita 16.09 a fili mai laushin tafiya, wato kashi ɗaya cikin 100 na mil, a tura motar da hannu ana ƙirgawa. A ninka abin da aka samu sau 100. Idan ya yi daidai da lambar agogo, shi ke nan. Idan bai yi ba, akwai zaɓi uku: a sauya 'yan haƙoran da ke juya wayar a jikin giyabos, ko a saka ɗan akwatin gyara juyi a tsakanin waya da agogo, ko a kai agogon wajen mai gyara ya sake saita shi.

A cikin ukun, sauya haƙoran ya fi arha idan an yi shi tun inji na ƙasa, kafin a ɗora shi. Da zarar an ɗaure komai, wurin yana maƙale ne a ƙasan lagireto, inda hannu ke shiga da ƙyar, kuma ɗaya daga cikin haƙoran biyu ba ya fita sai an kwance murfin giyabos na wannan gefen.