Wa Za A Fara Sallama? Yadda Kwamfuta Ke Tsara Layin Masu Neman Faifai

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta ɗungurungum. Duk ɗalibin da ya zauna wannan jarrabawa a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ke Sakkwato ya san yadda wurin yake: zaure cike da kwamfutoci, kowa da tasa a gabansa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, dukkan kwamfutocin nan suna jingine ne da wata uwa guda da ake kira saba. Ita ce ke riƙe da tambayoyi, ita ce kuma ke karɓar amsoshi ta adana su a faifanta. To, idan mutum ɗari suka danna maɓalli a lokaci guda, alhali faifan ɗaya ne, wa za a fara sallama?

Mai yanke wannan hukunci yana cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su Windows da Linux. A tsakiyar kowace babbar manhaja akwai wani sashe da masana ke kira kanel, ma'ana ƙwaya, kamar ƙwayar da ke cikin ɓawon gyaɗa. Babu wata ƙaramar manhaja da ke taɓa faifai da kanta. Duk mai son karanta wani abu daga faifai, ko rubuta wani abu a kansa, sai ya miƙa buƙatarsa ga kanel, ita kuma ta sa buƙatar a layi. Ɓangaren kanel da ke duba wannan layi yana zaɓen wanda za a yi wa aiki shi za mu riƙa kira mai tsara layi.

Kafin mu ga dalilin da ya sa ake wahalar tsara layin, sai mun san siffar faifan. Wanda ya taɓa ganin garmaho ya riga ya fahimci rabin bayanin. Faranti ne mai juyawa, an shata masa da'irori sirara, ɗaya cikin ɗaya, ga kuma hannu mai ɗauke da kan karatu yana kai da komo tsakanin baki da tsakiya. Na farko da aka sayar a duniya kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1956, yana da faranti 50, faɗin kowane inci 24, amma duk girman nan haruffa kusan miliyan 5 kawai yake ɗauka. Na yau ya fi shi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, sai dai har yanzu ƙarfe ne ke motsi a cikinsa. Faifan da ke juyi 7,200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8 da ɗoriya (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Kafin hannun ya isa da'irar da ake nema, sannan ya jira wurin da ake so ya zagayo ƙarƙashinsa, akan ci milisakan 10 ko fiye. A wurin ɗan Adam wannan bai kai ƙiftawar ido ba. A wurin ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke bugawa sau biliyan 3 a sakan, bugu miliyan 30 ke nan suka wuce tana zaune. Karatun kansa ba ya cin lokaci. Tafiyar ce ke ci.

Mu ɗauki misali da hanyar da mai karatu ya sani. Babban titin da ya taso daga Jega ya bi ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga ya shigo Sakkwato, sannan ya fita ta Kware da Gwadabawa ya tuƙe a Illela. A ce direba ɗaya ne da mota ɗaya ke raba saƙo a kan wannan titi, saƙonni kuwa ba su daina zuwa. Idan ya ce zai bi su yadda suka zo, wanda ya riga zuwa shi za a fara yi wa, to yana iya zuwa Illela, ya juyo Tambuwal, ya koma Gwadabawa, ya sake juyowa Shagari. Babu wanda zai ce an yi masa rashin adalci, amma man fetur da yini duk sun ƙare a hanya.

Ga yadda lissafin yake a faifai. A ce da'irorinsa 100 ne, hannun yana kan ta 50, buƙatu biyar kuma suka zo a jere kamar haka: 90, 15, 75, 40, 55. Idan aka bi su yadda suka zo, hannun zai ratsa da'ira 40, da 75, da 60, da 35, da 15, jimla 225. Idan kuwa aka ce kullum a tafi wurin da ya fi kusa, zai je 55, sai 40, sai 15, sai 75, sai 90, jimla 120. Aiki ɗaya, faifai ɗaya, an rage kusan rabin tafiya ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

Sai dai dabarar mafi kusa tana da mugun aibi. Muddin saƙonni na ta fitowa tsakanin Boɗinga da Sakkwato da Kware, direban ba zai taɓa ganin Illela ta zama mafi kusa ba. Mai saƙon Illela zai yi ta jira, ba don an ƙi shi ba, sai don kullum akwai wanda ya fi shi kusa. Masana kwamfuta suna kiran wannan hali yunwa, sunan kuwa ya dace. A zauren jarrabawa, wannan shi ne ɗalibin da allonsa ya tsaya cik, na kusa da shi suna ta aiki, agogo kuma bai tsaya jiransa ba.

Maganin da aka daɗe da samu, wanda Peter Denning na Amurka ya yi nazarinsa tun 1967, shi ne a hana hannun juyawa barkatai. Idan ya fuskanci gefe ɗaya, ya ci gaba da sallamar duk wanda ke gabansa har sai babu saura, sannan ya juyo ya share ɗaya gefen. Ana kiran wannan dabarar lifta, domin haka na'urar hawa bene ke yi a dogayen gine-gine. A lissafinmu na ɗazu hannun zai bi 55, 75, 90, ya juyo 40 da 15, jimla 115. Mai karatu ya lura: a wannan karon ta ma fi dabarar mafi kusa taƙaita tafiya, ga shi kuma kowa ya tabbata za a zo kansa. Ɗan abin da ya rage shi ne, motar da ke kai da komo tsakanin Jega da Illela tana ratsa Sakkwato sau biyu a kowane zagaye, garuruwan ƙarshe kuwa sau ɗaya. Don haka wasu suka gyara ta: a yi rabo ta fuska ɗaya kawai, in an kai ƙarshe a koma mafari a guje ba tsayawa. Mai tsara layi yana kuma haɗe buƙatun da ke maƙwabtaka su zama ɗaya, kamar direban da ya ga saƙo uku duk na unguwa ɗaya a Kware ya ɗaure su ƙunshi guda.

A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ana iya bin tarihin wannan muhawara daki-daki, tun da rubutunta a buɗe yake ga kowa. A nan aka ga cewa buƙatu ba duka ne darajarsu ɗaya ba. Mai son karatu a tsaye yake, ba zai iya komai ba sai abin ya iso. Mai son rubutu kuwa sau da yawa yakan miƙa wa kanel kayansa ya wuce, ita ta rubuta daga baya. Saboda haka a 2002 Jens Axboe ya fito da tsarin da ake kira Deadline, wato mai wa'adi. Yana bin dabarar lifta, amma kowace buƙata da agogonta: rabin sakan ga karatu, sakan 5 ga rubutu. Da wa'adi ya cika, sai a bar jerin da ake bi a je a sallami wanda ya daɗe.

A ganina dabarar da ta fi ban sha'awa ita ce wadda Sitaram Iyer da Peter Druschel na Jami'ar Rice suka bayyana a 2001, domin ta saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Manhaja takan karanta guntu ɗaya, ta ɗan yi tunani, sannan ta nemi guntun da ke biye da shi. A ɗan tsakanin nan sai mai tsara layi ya zaci ta gama, ya tura hannun can nesa wurin wani, kafin ya isa kuma ga ta ta dawo. Kamar mai shago ne da yaron da aka aiko: ya ce a ba shi sukari, an miƙa masa, mai shago ya juya zuwa wani kanta, sai yaron ya tuna da ganyen shayi. Shawararsu ita ce, bayan kowane karatu hannun ya dakata na 'yan milisakan ko da layi a cike yake. Wato a zauna ba aiki don aiki ya yi sauri. Linux ta ɗauki wannan tsari a 2003. A 2006 wani tsarin na Axboe mai suna CFQ ya gaje shi, inda aka ba kowace manhaja layinta da ɗan lokacinta, ana karɓa-karɓa kamar masu noman rani a kan magudanar ruwa ɗaya.

Duk wannan hikima an gina ta ne a kan abu guda, wato tsadar tafiyar hannu. Sai ga ma'ajiyar SSD ta yaɗu, irin wadda ke cikin sababbin kwamfutocin hannu, 'yar'uwar wadda ke cikin wayoyinmu. Babu faranti a cikinta, babu hannu, babu abin da ke motsi. A wurinta Illela da Boɗinga duk nisa ɗaya ne, kuma tana iya sallamar buƙatu da yawa a tare. Nan take lissafi ya juye: lokacin da mai tsara layi ke ɓatawa wajen jera buƙatu ya zama ya fi wanda yake cetowa, layin nan guda ɗaya kuma ya zama shi ne ƙofar da ake cunkoso a bakinta. A 2014 Linux ta shigo da tsarin layuka da yawa, kowace ƙwaƙwalwa da nata, a 2019 kuma aka cire tsofaffin tsare-tsaren, har da CFQ. Ga SSD mafi sauri, abin da aka fi zaɓa a yau shi ne tsarin da sunansa ke nufin babu: ba jerawa, a miƙa buƙata yadda ta zo. Mun koma kan direbanmu na farko ke nan, don yanzu titin ba shi da tsawo.

Wannan bai sa batun ya mutu ba. Faifai mai juyawa ya fi araha idan kaya na da yawa, shi ya sa manyan rumbunan ajiyar bayanai na duniya ke ci gaba da dogara da shi. Tambayar rabo kuma tana nan ko a SSD, musamman mai arha: idan wata manhaja tana kwafe babban fim, me zai hana ta danne wadda mutum ke jira ta buɗe? Don irin wannan ne aka shigar da tsarin BFQ na Paolo Valente, ɗan ƙasar Italiya, cikin Linux a 2017. Shi yana auna rabon kowa ne da yawan abin da aka karanta masa ko aka rubuta, yana kuma fifita manhajar da mutum ke zaune a gabanta.

Malamin da ke da kwamfuta mai Linux a makarantarsa zai iya nuna wa ɗalibai abin da idonsu. Ya buɗe fayil ɗin /sys/block/sda/queue/scheduler, zai ga sunayen tsare-tsaren da ke akwai, wanda ke aiki a lokacin an sa shi cikin baka. Inda babu kwamfuta, alli ya isa. A ja dogon layi a ƙasa, a rubuta 0 zuwa 100, ɗalibai biyar su tsaya a lambobin da muka kawo, ɗaya ya zama hannun faifai, sauran aji su riƙa ƙirga takunsa. Bayan an gwada hanyoyin uku, sai a koma kan dabarar mafi kusa, a riƙa turo sababbin ɗalibai suna tsayawa tsakanin 45 da 60, a ga ko za a taɓa zuwa kan wanda ke tsaye a 90.