Kwakwar Kurmi Da Hunturun Yerwa

Duk wanda ya taɓa zuwa tashar motocin Arewa a Agege, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ana gab da salla, ya san irin kayan da 'yan'uwanmu kan ɗora wa mota. Ga galan na manja, ga buhun gari, ga huhun goro, sa'an nan can a gefe sai ka hangi ƙwallon kwakwa ya tsaga ya fid da ganye biyu, an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma, mai shi yana ta kaffa-kaffa da shi kada yaran mota su danne. In ka tambaye shi sai ya ce gida zai kai, ya dasa a tsakar gida, don yara su ga irin itacen da ubansu ke zama ƙarƙashinsa a Ikko.

Wani abokina ɗan unguwar Hausari ta Maiduguri, wanda ya yi shekaru yana fataucin goro a Agege, sau uku yana ɗaukar tsiron kwakwar Attagara daga Badagiri, ya yi tafiyar kusan mil 1,000 da shi. Kowace shekara labarin ɗaya ne. Da damina tsiron ya yi kore shar, har maƙwabta su riƙa leƙowa kallo. Watan Disamba na kamawa sai bakin ganye ya soma ƙonewa kamar an kara masa wuta, kafin azahar ɗin bazara ta watan Afrilu kuwa sai a taɓa tsiron tsakiya ya zare a hannu. Ya zargi yara da rashin ban ruwa, ya zargi akuya, har ya soma zargin bakin mutane. Da na lissafa masa kuɗin ruwan da aka saya wajen 'yan garuwa saboda itacen nan, sai ya yi shiru.

To, yaran ba su da laifi. Maganar tana ga ƙasa da iska.

Kwakwa iri biyu muka sani a nan Kurmi, watau ta Attagara mai ruwa a ciki da ta manja, kuma dukansu 'ya'yan laima ne. Ikko takan sami ruwan sama fiye da inci 60 a shekara, ga raɓa kullum safiya, ga iskar teku mai danshi. Kwakwar manja ma ta fi son abin da ya kai inci 80, kuma a rarrabe cikin watanni, kada a yi mata dogon rani. Yerwa kuwa ruwanta bai cika wuce inci 25 ba, shi ma daga Yuni zuwa Satumba ya ƙare. Sauran wata takwas sai abin da rijiya ta bayar.

Mai karatu zai ce ai wannan mai sauƙi ne, a yi ta zuba ruwa. Nan ne hunturu ke shigowa. Iskar nan daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratsa wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, wanda tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ta kwaso farar ƙurarsa. Maiduguri na cikin garuruwan Nijeriya na farko da take isa, tun tana da sauran ƙarfinta. Abin da take yi wa leɓe da diddige, shi take yi wa ganye. Ganyen kwakwa faffaɗa ne, saboda haka iska tana zuƙe shi da sauri fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, ko da gindin yana jiƙe sharkaf. Daɗin daɗawa ga sanyin dare. Cikin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, alhali masana sun auna sun ga ƙaramin tsiron kwakwar manja yakan tsaya cik da girma in sanyi ya kai digiri 15. Watau wata biyu ko uku itacen yana hasarar ganye bai yi sabo ba. A wannan hali na jigata zafin Afrilu, mai haura digiri 40, ke iske shi.

Akwai kuma wani abu game da yawancin dangin kwakwa, har da dabino da giginya, wanda ya kamata mai dashe ya sani. Mangwaro ko darbejiya in ka sare kansu sai su yi toho ta gefe. Kwakwa zuciya ɗaya gare ta, can ƙoƙuwa inda sabon ganye ke fitowa. Ranar da wannan ta bushe ko ta ruɓe, magana ta ƙare, ko da kututturen yana tsaye. In ma an yi sa'a kwakwar manja ta rayu ta girma, ƙishirwa kan sa ta yi ta fid da furen namiji, na mace ya yi ƙaranci, sai mutum ya wayi gari da itacen ado wanda ba ya ba da ko cokali guda na manja. Wasu kan zuba wa kwakwar Attagara gishiri a gindi wai don ta tuna da teku. Gaskiya ne tana son ɗan gishiri, amma gishiri ba ya kawo raɓa. Goro kuwa kada ma a fara. Itacen da ko a Shagamu sai an yi wa ƙaraminsa inuwa da ayaba, ina shi ina tsakar gidan Gwange?

Wannan kwaɗayi na dasa itacen wata ƙasa ba mu kaɗai ke da shi ba. Turawan Ingila sun fi mu nisa a ciki. A lambun Kiyu da ke Landan sun gina wani ƙaton ɗaki na ƙarfe da gilashi tsakanin 1844 da 1848, musamman don kwakwa da danginta, suna hura masa zafi da danshi dare da rana, yana nan har yau. Talakan Ingila da ba shi da ɗakin gilashi sai ya koma ga wani ɗan'uwan goruba mai gashi a jiki, wanda wani Bature mai suna Robert Fortune ya kawo daga ƙasar Sin wajen 1849. Shi wannan a kan duwatsu masu sanyi ya tashi, don haka yana jure ƙanƙara har digiri 15 ƙasa da sifiri. Duk da haka in sanyi ya gabato sukan naɗe ƙanana da tattaka da tsumma. Dabarar ke nan: suka je suka nemo itacen da garinsu ya yi kama da nasu. Nasu abokin gāba ƙanƙara ce, namu busasshiyar iska, amma hanyar ɗaya ce.

Mutumin Yerwa bai ma bukatar zuwa Landan ya ga misali. Ya fita ƙofar gidansa ya ɗaga kai. Garin nan da aka kafa cikin 1907, lokacin da Shehu Garbai ya dawo da fadarsa nan bakin kogin Ngadda, yau an san shi da inuwar darbejiya a kan tituna, har baƙo yakan zaci itacen tare da Barebari aka halicce shi. Alhali kuwa baƙo ne fiye da kwakwar Badagiri. Asalinsa ƙasar Indiya da Bama. Turawa suka kawo shi Gwalkwas, watau Gana ta yau, zamanin Gwamna Guggisberg, daga can aka kawo irinsa lardin Barno cikin 1928. Ma'aikatan daji na En'e suka yi ta renonsa suna dasawa a bakin hanya da kasuwa da makaranta, daga bisani tsuntsaye da jemagu suka karɓi aikin. Sunayensa ma sun nuna yadda ya zama ɗan gida: wani ya ce dogon yaro, wani maina, mutanen Nijar su ce bedi. Ya ci farin 1973, ya ci na 1984. Dalili kuwa, inda ya fito ma akwai dogon rani da zafi mai tsanani, saiwarsa tana nutsawa ƙasa neman ruwa, ganyensa ƙanana ne, in abin ya yi tsanani ya zubar da wasu ya jira. Alhazanmu sun ga irinsa a filin Arfa yana yi wa mahajjata inuwa. Haka mangwaro, shi ma ɗan Indiya ne, gwaba da gwanda kuwa daga nahiyar Amurka suka zo, duk sun zauna lafiya a lambunan bakin Ngadda da Alau.

To, wanda ransa ya nace sai dangin kwakwa fa? Ga dabino. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke sayensa da tsada kowane azumi, na Nijar da na ƙasashen Larabawa, amma ba mu cika tunanin dasa shi ba. Barno da dabino tsofaffin abokai ne. Hanyar ayarin da ta tashi daga Kukawa zuwa Fezzan ta Bilma take bi, kuma dausayoyin Kawar, inda Barebari ke zaune tun da daɗewa, gishiri da dabino ne arzikinsu. Larabawa kan ce dabino yana son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta. Zafin digiri 45 bai dame shi ba, sanyin asubar Janairu kuwa wasa ne gare shi, tun da yana jure har 'yar ƙanƙara. Hasali ma a ƙasashenmu cikin watannin sanyin nan yake fid da fure. Hunturun da ke kashe kwakwa, lokacin aikin mai dabino ke nan. Cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya, wadda aka kafa kusa da birnin Binin cikin 1939, da aka ɗora mata aikin dabino ai ba a Kurmi ta yi gonarsa ba, Dutse ta tafi ta buɗe reshe.

Amma dabino yana da nasa sharaɗi, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asarar shekaru. Akwai namiji akwai mace, macen ce kaɗai ke haihuwa. In ka ci dabino mai daɗi ka binne ƙwallon, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuwa za ka gane ba sai sun yi fure, bayan shekara shida ko fiye. Matan da suka fito ma ba lalle su gaji daɗin uwarsu ba. Hanyar da ta tabbata ita ce a cire ɗan da ya tsiro a gindin uwa wadda ka ga 'ya'yanta da idonka, ka ɗanɗana. A bari sai ya shekara uku ko huɗu a jikinta ya yi saiwar kansa, a raba su da kurfi mai kaifi, a rage ganyen a ɗaure sauran wuri ɗaya. Irin wannan kamar uwarsa yake fitowa sak, kuma cikin shekara huɗu ko biyar yakan fara haihuwa. Namiji ɗaya ya ishi mata ashirin da ɗoriya, muddin za a yi musu barbara da hannu: ranar da kwanson furen namiji ya tsage a yanko shi, a ɗauki sili biyu ko uku a soka cikin furen macen da ya buɗe kwana biyu ko uku, a ɗaure sako-sako. Wanda ya bar wa iska wannan aiki, sai ya ga 'ya'ya sirara marasa ƙwallo suna zubewa. Ruwan sama a kan nunannen dabino kuma yana tsaga shi ya sa shi tsami, saboda haka nonon da damina ta riska a rufe shi daga sama, ko a sauke shi da wuri.

Na san tun bayan ambaliyar ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci rabin gari, da yawa daga cikinku kuna aika kuɗi gida ana ta da katanga ana gyaran ɗakuna. In an zo maganar dashe, ko dabino ne ko mangwaro ko lemo, a yi shi farkon damina, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, don saiwa ta kama kafin iska ta juyo. A haƙa rami ƙafa uku faɗi, ƙafa uku zurfi, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, kada a sa ɗanye domin yana kiran gara. Tsakanin dabino da dabino a bar kamar ƙafa 25, kuma a nisanta shi da katanga. Watan Nuwamba na tsayawa a kafa zana ta gefen arewa da gabas, ta fi tsiron tsawo, a lulluɓe gindin da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, a barbaɗa toka. Maimakon a riƙa kwara bokiti a ƙasa rana ta shanye, a binne tsohon tulu kusa da gindin, bakinsa a waje, a riƙa cika shi ana rufewa, zai riƙa tsatsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin hatsi duk a juya su can. Abu ɗaya da za a gargaɗi yara da shi: kada su zuba ruwa ko ƙasa cikin zuciyar dabino.

Giginya da goruba ban manta da su ba, su ne 'yan ƙasa na asali, ba su neman zana ba su neman tulu. Sai dai giginya mai jinkiri ce ƙwarai, wanda ya dasa ta jikoki ya yi wa. Mu mazauna Kurmi an sha yi mana gori da ita, wai inuwar giginya ce mu, na nesa ka sha.

Abokin nawa na Hausari dai bai bar kwakwa gaba ɗaya ba. Ta huɗu tana cikin rabin duro a lungun bayan ɗaki inda iska ba ta kai, ana yayyafa wa ganyenta ruwa safe da yamma, ya kuma haƙura da cewa ba zai sha ruwanta ba. A ramukan ukun farko kuwa ya sa 'ya'yan dabino da ya sayo bayan ya ga iyayensu, mata biyu da namiji ɗaya. Bana suka shiga hunturunsu na uku, ya ce in Allah ya kai mu Janairu zai bar wa yaronsa rumfar goro ya tafi ya duba ko sun fid da kwanso.