Kalley: Lissafin Ƙwan Fitila A Gidan Haya

Kalley tana cikin tsofaffin unguwannin Yamai, kusa da Babbar Kasuwa, gidajenta kuma cike suke da 'yan haya: Zabarmawa, Hausawa, Buzaye da baƙi daga ƙasashen maƙwabta. Wanda ya san unguwar a da ya san haskenta na dare jaja-jaja ne. Yanzu yawancin tsakar gidaje fari ne fat, domin ƙwan LED ya kusa korar tsohon ƙwai mai zare a ciki. Na shiga unguwar ne don in ji ko wannan sauyi ya kai aljihun mutane.

A takarda lissafin ba shi da wuya. Tsohon ƙwai mai wat 60, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacin nasa. Gidan da ke kunna ƙwayaye biyar awa shida kowane dare zai sha kilowat-awa 54 a wata da tsofaffin, da sababbin kuwa kaɗan ya ɗara 8. Tsohon yakan yi kimanin awa 1,000 ya ƙone, LED mai kyau kan wuce awa 15,000. Irin wannan lissafi ne ya sa Ghana ta raba ƙwayaye masu tsimin wuta miliyan 6 kyauta a 2007, Tarayyar Turai kuma ta fara janye tsofaffin daga kasuwa a 2009.

Amma a gidan haya mai mita ɗaya, lissafin wani ne daban. Wani mai gyaran wuta ya raka ni wani gida mai ɗakuna jere, aka ba ni tabarma da ruwan sanyi, aka kira dattijuwar da ke raba wa mutanen gidan kuɗin wuta. Ta fito da wani tsohon littafin makaranta, bangonsa duk ya yi laushi. Kowane ɗaki da shafinsa, an ja layuka da biro: ƙwai nawa, fanka nawa, akwai firji ko babu. In takardar kamfanin wuta na NIGELEC ta zo, a kan wannan ƙidaya ake kasa kuɗin.

Na ce, "Inna, ke nan wanda ya sayi ƙwan LED ya huta?"

Ta yi dariya. "Ɗana, ina ya huta? Littafin nan ƙwai yake ƙirgawa, bai san wat ba. Wata baiwar Allah a ɗakin ƙarshe, mijinta ya rasu, ƙosai take soyawa. Ita ta fara saye. Ta tara kuɗi ta sa guda biyu. Ƙarshen wata na ce mata ƙwai biyu, kason ƙwai biyu, daidai da maƙwabcinta mai tsofaffi da ke barinsu kunne har asuba. Ba ta ce komai ba, ta kwance bakin zane ta biya. Ni ce ban yi barci ba."

Ta ce watanni aka yi ana ja-in-ja. Masu tsofaffin ƙwayaye suka ce su ba su da kuɗin sabo, nasu kuma bai mutu ba, don me za su jefar? Gaskiyarsu ce: wanda cefanen yau ya sha masa kai, ba a yi masa zancen ribar wata shida. Masu sababbin suka ce to a rage musu kaso. Ita kuwa ta san in ta fara bambanta ƙwai da ƙwai, rigimar ba ta ƙarewa.

"Sai na ce mu yi adashi. Kowane wata kowa ya ɗora ɗan abu a kan kuɗin wuta, mu sayi ƙwai, mu bi ɗaki-ɗaki. Da muka gama zagaye takarda ta sauko, kowa ya gani da idonsa. Kuma ɗaki ya rage zafi. Ka san watan Afrilu a garin nan."

Na sani. Zafin bazara a Yamai yakan haura digiri 40, lokacin ne kuma buƙatar wuta ke kai maƙura. Kafin 2023, shekara da shekaru Nijar tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, ta layin da ya biyo Birnin Kebbi. Da aka yanke layin a Agustan 2023 saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, unguwanni sun sha duhu, har aka maido da shi a Maris 2024. A tsakanin nan tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki. Mutanen gidan sun ce tun lokacin ƙwai mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta, ya samu karɓuwa, musamman wajen masu yara 'yan makaranta.

Saura matsalar jabu. Mai gyaran wutan ya nuna mini wani ƙwai da ya ɓalle: a kwali an rubuta wat mai yawa, a ciki 'yan fitilu ne ƙanana a kan faranti siriri, ba abin da zai kwashe zafi. Irinsa, in ji shi, da wuta ta yi sama ta yi ƙasa sai ya fara ƙyafta ido, ya mutu. Wanda ya saya sau biyu ya ƙone, ba ka da bakin hana shi komawa tsohon. Ya kuma ja kunne kan ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi da aka yi yayi kafin LED: akwai zaiba a cikinsa, kada a fasa shi a ɗaki ko a bar wa yara.

Masu gidajen haya su ne za su fi sauƙaƙa wannan al'amari. Kafin ka ba da ɗaki, sa masa ƙwai mai kyau, ko ka raba mita in da hali. 'Yan haya kuma su sauya tare, domin a gidan da mita ɗaya ce, tsimin mutum ɗaya ba ya rage masa wani abin kirki.